Kama

Ƙarfe bakwai, dare bai gama da mu ba.
A tsibirin nan rana ta tafi hutu tun farkon Disamba,
waya ce ke gaya mini asuba ta yi.
Na kankare ƙanƙara daga gilashin mota,
na jefa jaka a kujerar baya:
robar miƙa jijiya, ƙwallo mai ƙaya, man tausa,
da takarda mai suna shida, ƙofa shida.

Sunana Ƙamariyya.
Harshensu ya yi tuntuɓe da harafin farko, ya datse wutsiyar,
suka bar ni da Kama.
Ban taɓa gaya musu ba
cewa sunan aikina suka raɗa mini.

Gidan farko na Torleif ne, can bakin ruwa.
A cire takalmi a ƙofa. Wannan kam kamar gida.
Shekara hamsin yana jan taru daga teku,
dare ɗaya ɓarinsa na dama ya yi yaji.
Hannun da igiya ke jin tsoro,
yau maɓallin riga ya fi ƙarfinsa.
Na tallafi gwiwar hannun, muna ƙirgawa da yarensu,
en, to.
Biyunsu ita ce to ɗinmu,
kullum a ɗagawa ta biyu sai in ji kamar ya yarda.
Ya nuna mini katakan shanya ta taga,
inda kifi ke rataye har ya koma itace.
Ya ce, kawunan nan ƙasarku ake kai su.
Na ce, ashe tun ban san ka ba na sha romon hannunka.
Ya yi dariya da rabin baki.
Ɗaya rabin muna kan biko.

Jirgin fito na sha ɗaya da kwata ba ya jiran kowa.
A cikinsa nake cin burodi da cukunsu mai ruwan ƙasa,
mai zaƙi kamar alewar madarar da ta ɓata hanya.
A cikinsa Inna ke kira.
Gwiwa ce, in ji ta, duk sanda za ta taso daga sujada.
Na ce jingina wayar, zauna, miƙe ƙafar,
riƙe, saki.
Ba abin da nake gani sai fankar ɗakinta tana juyi.
Gwiwa nawa na taɓa a makon nan?
Wadda ta durƙusa ta haife ni ce hannuna bai kai ba.

Ƙofa ta huɗu, Gunvor.
Tamanin da shida, sabon ƙugu na ƙarfe,
'ya'ya biyu a Oslo, hotunansu manne a firji.
Ba ta son atisaye. So take in zauna in sha kofi.
Muka yi ciniki: taku goma, kofi ɗaya.
Ƙanana, nake ce mata,
kar ki kalli ƙafa, dubi gaba.
Ta yi takwas ta ce ita ta gama da duniya.

Da na fito, matakala ta uku ta kwashe ni.
Jaka can, ni nan,
ƙwallo na gangarawa wajen teku.
Ina kwance ina kallon sama mai launin shuni
sai na ji ƙarar keken tafiyarta, ƙiiii, ƙiiii,
ƙofa ta buɗe.
Kama! in ji ta,
ta miƙo hannu,
a ciki ƙusoshin takalmin marigayi mijinta.
Na kama.
Ƙanana, ta ce, dubi gaba,
ke da ba a koya wa tafiya ba.

Da dare a rahoto na rubuta:
daga kujera zuwa ƙofa, taku goma sha huɗu, ba mai riƙe ta.
Ban rubuta dalili ba.
Na fita na ɗebo irin ƙanƙarar da ta kayar da ni,
na naɗe a tawul, na ɗora a ƙugu.
Gobe Torleif, ƙarfe takwas.
Ya ce zai gwada maɓalli na biyu.